Farin-kan da Namsarai Ya Tsinko a Kwari

Ha'inci a ƙaramin abu, shi ne laifin da zan ba ku labarinsa. A aiki mutum, ya yi rabin hanya ya juyo, ya ce ya je. In na faɗi haka matasa sai su yi murmushi, don babu wanda bai taɓa yi ba a cikinsu. To ku ajiye murmushin ku ji abin da ya sami Namsarai, ɗan ƙanena, wanda na goya tun da uwarsa ta rasu, kuma na ƙona da hannuna.

Sunana Handa. A kwarinmu, nan cikin duwatsun Hangai, ni ce mai ɗora wa mutane wuta. Hunturu biyu kawai na yi a makaranta, sauran abin da na sani a wurin uwata na ɗauka, ita ma a wurin tata uwar. Akwai ɗan fure da ke fitowa can saman Dutsen Sirdi, inda itatuwa suka ƙare, ciyawa ma ta gajarce. Farin-kai muke ce masa. Tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Kansa kamar tauraro yake, jikinsa duk farin gashi ne mai laushi irin na ɗan rago sabon haihuwa. Ba shi da wani ƙamshi, tumaki ma ba su damu da shi ba. Da kaka, in sanyi ya doke shi ya bushe a tsaye, sai a hau a tsinko kawunan a bar saiwar. A murza shi a tafin hannu har ƙaiƙayin ya zube, audugar ta rage. Wannan audugar ita ce ul.

Akan mulmula ta kamar kashin akuya, a ɗora a fata daidai ƙofar ciwon, a taɓa tsininta da sandar turare mai wuta. Ba ta ci da harshe. A hankali take ci tana sauka, zafin yana shiga jiki. In ya kai wa mai ciwo sai ya ce, “Ya iso,” ni kuma in ɗauke. In jariri ne, ko wanda bai san inda kansa yake ba, ul ta san aikinta da kanta. Tana taɓa fata take mutuwa, ta bar farar toka da ɗan tabo kamar ƙwayar gero. Saboda wannan halin nata ake wahalar hawa dutse.

A ƙasa kuma, bakin rafi, akwai wani fure da muke kira mai-kama. Shi ma fari ne, da gashinsa, ya fi tsawo, ya fi yawa, kana kan doki sai ka sunkuya ka cika hannu. In aka murza shi, babu idon da zai raba shi da na dutse. Amma akwai maiƙo a cikinsa. In ya kama wuta ba ya tsayawa a bakin fata, nutsewa yake kamar garwashi a kan kitse. Kama da wane ba wane ba ne. Shi ya sa uwata ta kafa mini doka: kafin ki kunna, ki tambayi wanda ya tsinko, daga ina? Ya faɗa da bakinsa.

Shekara arba'in ni ke hawa da ƙafata, don haka ba ni da wanda zan tambaya. Sai gwiwoyi suka ƙi. Yanar ido kuma ta rufe mini gani, har ya zama in mutum ya shigo bukka inuwa kawai nake gani, sai ya yi magana in san ko wane ne. A kakar wannan shekarar na kira Namsarai.

Lokacin yana da shekara talatin da biyu. Ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce mugu ne. Mahayi ne na gaske, yana da wani akawal da duk kwarin ake maganarsa. Abin da ke damunsa ɗaya ne, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Bukkarsa na kusa da tawa, shi da matarsa Yanjima da 'yarsu Udbal mai shekara huɗu. Ranar suna wurina muna shan shayin madara.

Na ce, “Gobe za ka hau Sirdi.”

Ya ce, “Ni? Gwaggo, me na yi miki?”

“Ka ci abincina shekara ashirin, abin da ka yi mini ke nan. Ul ɗina ta kusa ƙarewa.”

“Ciyawa ce fa. Ga ta can birjik a bakin rafi, ko Udbal kika aika sai ta cika miki jaka.”

“Wancan mai-kama ne.”

“Ni dai duk fari nake gani.”

Na ce, “Gishiri fari ne, ƙanƙara ma fara ce. Zuba ƙanƙara a shayinka mu gani.”

Yanjima ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce, “Gwaggo, ki bar shi. Tsoron tafiyar ƙasa yake yi. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya taka daga nan zuwa garke ba sai a kan doki.”

Ya ce, “Ku biyu ne a kaina yau? To zan hau. In na faɗo ku raba akawal, ke ki ɗauki kai, Gwaggo ta ɗauki wutsiya.”

Na ba shi burgami da 'yar gorar madara. Na ce ya ɗaure doki a wurin tarin duwatsun mashiga, ya ƙarasa da ƙafa. Ya yayyafa wa dutsen madara kafin ya taɓa komai. Kai kawai zai tsinka, kada ya tumɓuke. Ya ce ya ji, ya ji, ya ji.

Da sassafe ya fita. Abin da ya faru bayan nan sai daga baya na sani, amma gara ku ku sani tun yanzu. Hanyar Sirdi ta bi ta zangon maƙwabcinmu Lubsan, wani dattijo sa'ana, kuma ranar Lubsan ke yi wa 'yan dawakinsa lalas, wato shaida da ƙarfe mai wuta. An taru, an yanka rago, ga tsamin nonon goɗiya cike da salka. Aka ce wa Namsarai ya sauko ya sha ƙwarya ɗaya. Ya sauko. Aka ce ya danne musu wani ɗan doki mai taurin kai, ya danne. Daga nan kokawa, daga kokawa waƙa. Bai gaya wa kowa an aike shi ba. Da ya ɗaga kai rana ta karkata, Sirdi kuwa yini guda ne hawa da sauka. Sai ya gangara bakin rafi, ya cika burgami da mai-kama, ya zauna a kan dutse ya murje shi tas don kada in laluba ganyen in gane. Madarar kuma ya zuba wa karen Lubsan.

Rana na faɗuwa ya shigo ya jefa mini burgamin a cinya.

“Ga ciyawarki. Har na rage miki aiki, na murza miki a can.”

Na sa hannu na ji laushi. Na ji warin nonon goɗiya a bakinsa, ya ce a hanyar dawowa ya biya ta wurin Lubsan ya jiƙa maƙogwaro. Na ce, “Ka yayyafa madarar?”

“Har dutsen ya yi gyatsa.”

Na ji daɗi. Ina faɗin wannan don kada a ce na wanke kaina. Ni da na fi kowa sanin dutsen, a shekarar da ta fi kyau rabin burgami nake samu. Ga shi ya kawo shi cike har baki, ni kuwa na ce bana dutse ya yi kyauta. Na dafa masa haƙarƙari. Na rataye sabon burgamin kusa da tsohuwar jakata, don ba a taɓa sabuwar ul sai ta bara ta ƙare.

Hunturu ya shigo da wuri. Mutane suka riƙa zuwa, wannan kafaɗa, wancan ciwon baya, tsohuwar jaka tana raguwa. Sau biyu Namsarai ya tambaye ni, “Gwaggo, ta bara ba ta ƙare ba?” Na zaci ɗokin a fara amfani da tasa yake yi. Na ce masa ya yi haƙuri, ranarsa na zuwa.

A tsakiyar hunturu tari ya kama Udbal. Kwana uku ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa, ran na huɗu ta daina buɗe ido. Suka kawo ta bukkata. Wuri uku take bukata a baya. Na zazzage tsohuwar jaka, abin da ya fito ya yi mulmule biyu, na uku bai cika ba. Na ce wa Yanjima, “Sauko mini da sabon burgamin.” Na ji ta miƙe, na ji igiyar tana goga a jikin sandar bukka. Namsarai na tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ina ganin inuwarsa. Ni kuma ina ta juya tsohuwar jakar ciki waje, sai yatsana ya taɓa wani ɗan ragowa da ya maƙale a cikin ɗinki. Na ce, “Bar shi, na samu.” Yanjima ta mayar da burgamin. Namsarai ya ce bari ya je ya duba tumaki, ya fita.

Na ɗora wa yarinyar wuta uku, duka suka mutu a bakin fata kamar yadda suka saba. Bayan kwana shida tana bin ɗan kwikwiyo a waje.

Wata bai cika ba, dawaki suka ɓace a cikin iska, Namsarai ya bi su. A kan daskararren kogi akawal ya zame ya faɗi, ya birgima a kansa. Lubsan ne ya tsince shi, ya jawo shi gida a kan fatar shanu. Ba jini, ba karaya da hannu zai iya ji. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu ji. Na tsunkule shi a cinya, na soka masa allura a diddige, yana kallon rufin bukka yana tambayar ko dokin ya tashi. Mashiga, hanyar fita daga kwarinmu, ta toshe da dusar ƙanƙara, asibiti kuwa tafiyar kwana uku ce ko da rani.

Kwana goma yana kwance. Ran na sha ɗaya babban yatsansa na dama ya motsa. Ya ce yana jin kamar tururuwa na yawo a cinyarsa. Yanjima ta fita waje ta yayyafa wa sama madara. Ni na san irin wannan, na taɓa gani. Ƙafa ce ta yi barci tana neman mai tashe ta. Na ce gobe zan ɗora masa wuta.

Ya ce, “Mu ɗan jira, Gwaggo.”

“Jiran me?”

“Ƙanƙara ta narke mu je asibiti.”

“Wata uku ke nan. Ƙafar da ta yi barcin wata uku ba ta tashi.”

“Ai ga shi ta fara motsi da kanta.”

Yanjima ta ce, “Kai Baban Udbal! Kai da ke danne ɗan doki ana masa lalas, kai ne ke tsoron garwashin da bai kai kashin akuya ba? 'Yarka ma ko uffan ba ta ce ba.”

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, “To. Yadda kuka gani.”

Da ya ce mini a kunne, Gwaggo ban hau ba, da na zage shi na yini ɗaya, na aika wa Lubsan ya ba ni 'yar ul ɗin Sirdi da ke cikin jakar ƙyastunsa. Iyakarta ke nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yana da dare guda da safiya guda na yin tunani, ya yi su yana barci da shan shayi.

Washegari rana ta fito, babu iska. Da hantsi na shiga bukkarsu da sabon burgamin. Muka jingina shi da sirdi, aka naɗe masa wando zuwa cinya. Na mulmula guda shida. Na laluba na ɗora su: ƙarƙashin kowace gwiwa, saman kowane idon sawu, gindin kowane babban yatsa. Na kunna sandar turare a murhu. Sannan na yi tambayar uwata.

“Daga ina?”

“Haba Gwaggo, ni ne fa.”

“Doka ce. Ko ni na aiki kaina sai na tambaya. Daga ina?”

Yanjima na riƙe da hannunsa. Ya ce, “Daga saman Sirdi.”

Ta ce, “Da ƙafarsa ya hau, yau dutsen zai biya shi.” Ta ɗauki gatari da bokiti ta fita fasa ƙanƙara don shanu, ta ja ƙofa ta rufe, don ba a buɗe ƙofa ana ɗora wuta.

Na ce masa, “Kai ba ka jin ƙafarka, ba za ka iya ce mini ya iso ba. Ni kuma ba na gani. Ul za ta mutu da kanta, amma ka zama idona. In ka ga sun yi toka ka faɗa mini.”

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kunna. Na koma na zauna ina ƙirga numfashi. Ul ta gaskiya numfashi arba'in take yi. Na ƙirga arba'in.

“Sun mutu?”

“Saura kaɗan.”

Na ƙara goma. Sai wani wari ya zo mini, ba irin wanda na sani ba. Ul in tana ci, warin ciyawar da aka ƙona a nesa take yi. Wannan warin kitse ne a kan murhu.

Na ce, “Namsarai. Daga ina?”

“Na faɗa miki.”

“Rantse.”

Ya ce, “Na rantse da wutar murhun nan.”

Na ce a raina, hancina ne ya tsufa. Na ce naman da ya yi sanyi ya fi shan wuta. Na ce babu mutumin da zai rantse da murhunsa a kan ƙarya, ƙafarsa na gabansa tana ci. Na ƙirga wani arba'in. Ba motsi a bukkar sai ƙarar busasshen kashin shanu a murhu, da saran gatarin Yanjima can bakin kogi.

“Sun mutu?”

Na miƙa hannu na taɓa ƙarƙashin gwiwarsa ta hagu, sai yatsana ya shige cikin rami, ramin kuma da wuta a ƙasansa. Na jawo tukunyar shayi na juye masa a ƙafafu. Ramuka shida ne, kowane ya haɗiye gaɓar yatsa, biyu sun kai ƙashi.

An ce jiki shi ke gaya wa mai shi gaskiya. Nasa ya yi shiru ranar, shi ma ya taya shi. Shekaru bayan haka na tambaye shi abin da yake tunani yana kallo. Ya ce, “Kamar ƙafar wani nake kallo, Gwaggo.”

Yanjima ta shigo, ta ajiye bokiti. Na ji ta tsaya a kaina. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Haka ake yi?” Na ce a'a. Ta ɗauko man shanu da tsumma mai tsabta muka ɗaure. Ni a lokacin na ɗauka hannuna ne ya mutu, na yi mulmulen da girma, ko dutse ne ya yi fushi da ni don na aika maimakon in je. Na ce mata laifina ne. Namsarai na ji, ya ce a ba shi shayi.

Kwana huɗu ramukan suka fara ruwa. Kwana bakwai ƙafar hagu ta kumbura, Yanjima ta ce mini ta yi baƙi daga idon sawu. Warin ya cika bukka, aka mayar da Udbal wurina. Shi ba ya jin komai. Yana ci, yana barci. Da farko yana zolaya, yana ce wa matarsa ta huta da wanke masa safa. Daga baya ya bari.

Ran na tara Lubsan ya zo dubiya. Ya zauna, ya miƙa mini battar garin tabarsa na shaƙa na mayar masa. Ya ɗaga tsumman ya duba. Sannan ya ce, “Handa, ba ni ul ɗin da kika sa.”

Na ba shi. Ya yanko guntun fata daga tsohon linzami, ya mulmula kaɗan ya ɗora, ya kunna. Ya ciro wata daga jakar ƙyastunsa, ta Sirdi wadda ya tsinko da hannunsa, ya ɗora kusa da ita, ita ma ya kunna. Muka zauna. Yanjima ce ta gaya mini abin da ta gani. Ta Lubsan ta mutu ta bar farar toka. Tawa ta huda fatar ta faɗo ƙasa tana ci.

Lubsan ya ce, “Tsohuwa, kin makance har hanci? Wannan ai mai-kama ne. Wane ɗan banza ya kawo miki?”

Na ce, “Namsarai ne ya hau mini Sirdi. Ran tara ga watan tsakiyar kaka.”

“Ran tara? Ranar da na yi lalas?” Ya juya wajen gadon. “Kai, ba kai ka danne mini jan ɗan dokin nan ba? Ai a zangona ka yini, har ka kayar da surukina sau biyu.”

Lubsan ya gane abin da ya faɗa, ya shiga gyara ɗamararsa.

Yanjima ta yi magana, muryarta kamar mai tambayar ko an ba shanu ruwa. Ta ce, “Baban Udbal. Ranar da yarinyar nan ba ta buɗe ido, da na miƙa hannu zan sauko da burgamin nan, kana tsaye a bakin ƙofa. Ka sani?”

Ya ce, “Ai ba a yi amfani da shi ba.”

“Ka sani?”

“Da an zo kunnawa da na yi magana.”

“Naka ma an zo kunnawa.”

Ya ce, “In na faɗa a nawa, sai ku tuna da nata.”

Ta ɗauki burgamin, ta buɗe murhu ta juye shi ciki. Ya kama da wani irin harshe mai tsawo, bututun hayaƙi ya yi ƙara. Ta rufe murhun, ta ɗora ruwan wanke tsumma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sha faɗa wa mutane, amma ranar ban faɗa ba. Babu wanda yake bukatar ji.

Lubsan ya tara maza uku. Suka ɗaure Namsarai a kan fata, shanu biyu na ja, suka sari hanya ta cikin mashiga da shebur. Kwana biyar suka yi kafin su isa asibiti. Likitan ya yanke ƙafar hagu daga gwiwa, ya cire yatsu biyu a ta dama. Ya gaya wa Lubsan cewa bayan nasa buguwa ce kawai, yana kan warkewa, da an bar ƙafafun lafiya da ya hau doki kafin tumaki su gama haihuwa. Haka kuwa aka yi, ji ya dawo masa a can asibitin. Abin da ya fara ji shi ne zafin ƙuna a ƙarƙashin gwiwar hagu, a wurin da babu komai sai bargo.

Aka dawo da shi. Yanjima ta yi jinyarsa yadda ya kamata. Ta wanke, ta ɗaure, ta ba shi abinci a kan lokaci, ta koya masa tsayuwa da sanda. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ban kuma sake jin ta kira shi Baban Udbal ba. Da ciyawa ta fito, yayyenta biyu suka zo da amalanke. Suka gaishe ni, suka sha shayi, suka kwance bukkar da ta zo da ita. Udbal ta zo ta miƙo mini goshi na shinshina. Namsarai na zaune a kan sirdi a waje, yana kallon ana loda sanduna. Yanjima ta bar masa tukunya ɗaya da bargo biyu. Ta ce mini, “Gwaggo, ki zauna lafiya.” Suka bi ta mashiga.

Ni ban sake kunna wa kowa wuta ba. Mata sun zo da jarirai suna roƙo, na ce su je wani kwarin. Wadda ta yi tambaya sau biyu, hancinta ya ba ta amsa, ta zauna tana ƙirga, ba ta da sauran hurumin taɓa fatar ɗan mutum.

Yanzu a bukkata yake, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni ce ƙafa, shi ne ido. In na ɗora madara shi ke gaya mini ta taso. Har yau in ya faɗa sai na miƙa hannu na ji tururin da kaina, shi kuma yana gani. Wata kaka Lubsan ya sauko daga Sirdi ya kawo masa farin-kai guda ɗaya, ban san ko don tausayi ko don wani abu ba. Namsarai ya juya shi a hannu ya daɗe. Ya ce, “Ashe ƙarami ne haka.” Bai taɓa ganinsa a tsaye ba. Ya soke shi a jikin sandar bukka, yana nan har yanzu, ƙura ta rufe shi.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da Namsarai ya guje wa hawan yini ɗaya ne, kalmar da ya riƙe kuma ba ta fi uku ba: ban hau ba. Ga abin da ya tafi a kansu. Ƙafar hagu daga gwiwa. Yatsu biyu na dama. Akawal, wanda ya koma garke ba mahayi, kyarketai suka cinye shi a hunturu na biyu. Bukka ɗaya. Mata ɗaya. 'Ya ɗaya, wadda aka ce mini ta yi tsawo, kuma wani take kira baba. Sai maganarsa, wadda a kwarin nan in ya ce ana ruwa sai an leƙa waje.